Ranar da Mita Ta Daina Yanke Wuta

Memounatou tana haya a wani gida mai iyali biyar a Dapaong, a arewacin Togo. Zoɓo da ƙanƙara take sayarwa. Firiza ɗaya gare ta, da ita take ci, da ita take kula da mahaifinta, Baba Zainulabideen, wanda ta ɗauko daga Korbongou bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi.

Ana shiga zafin watan Maris aka saka musu sabuwar mita, irin wadda ke yanke wuta da kanta idan kaya sun yi mata yawa. Ma'aikacin da ya ɗaura ta bai ɓoye musu komai ba.

"Wayoyin gidan nan sun tsufa, ga su sirara," in ji shi. "Ko mai gida ya sake su, ko ku raba lokaci. Mai guga ya yi da safe, mai girki da lantarki ya jira. In kun ga ta yanke, gargaɗi take muku."

Kowa ya ce to. Babu wanda ya yi.

Da magariba Rabi'atu mai ɗinki za ta jona dutsen guga, Fousséni ma'aikacin ofis ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, wata ta ɗora tukunya a rishon lantarki. Sai ɗif, gida ya yi duhu. Daga nan sai cacar baki a tsakar gida.

"Yaya Rabi, ki bari sai da safe mana," in ji Memounatou wata rana. "Ƙanƙarata duk ta narke."

"Ke ki kashe firizarki mana! Kayan mutane ne a hannuna, gobe biki."

Da abin ya ishe ta, Memounatou ta kira mai gidan a waya. Alhaji Awudu babban mahauci ne a Sokodé, ya yi shekaru bai taka Dapaong ba.

"Alhaji, don Allah a taimaka a sake mana wayoyin nan."

"Tun ba a haife ki ba waɗannan wayoyi ke aiki," ya ce. "Sabuwar mitar ce mai fitina. Akwai wani Mamadou a nan wajenku, ya san maganinta. Zan turo shi."

Mamadou ya zo da filaya da guntuwar waya. Ya haɗa ta ta bayan mitar, yadda wuta za ta shiga gida ba tare da ta bi ta cikinta ba.

"Daga yau ko injin niƙa kuka jona, ba za ta ce uffan ba," ya ce yana dariya.

Hankalin Memounatou bai kwanta ba. Amma washegari ta buɗe firiza ta tarar da ƙanƙara ta yi tauri kamar dutse, sai ta ci gaba da sana'arta. Rigima ta ƙare a gidan. Wanda ba shi da risho ya sayo, mai fanka ɗaya ya ƙara ta biyu.

Wata safiya tana ba mahaifinta koko, ya riƙe hannunta.

"Memuna, ina jin ƙaurin roba."

"Shara ake ƙonawa a waje, Baba. Sha kokonka."

Ranar wata Juma'a da tsakar rana, maza sun tafi masallaci, Memounatou kuma ta ɗauki kular zoɓo ta nufi tasha. Wayar da ke cikin silin ɗakinta ta yi zafi har ta kama. Babu abin da ya yanke wutar. Kafin matan gidan su ankara, rufin ya ɗauka. Suka kwashi yara suka yi waje da ihu. Rabi'atu ce ta tuna da tsohon, ta koma a guje, hayaƙi da harshen wuta suka koro ta, hannunta ya sale.

Da aka kashe gobarar, a bakin ƙofa aka sami gawar tsohon. Da hannu ɗaya ya ja jikinsa har wurin.

Masu bincike suka ga wayar da aka zagaye mita da ita, suka ce laifin mutanen gida ne. Mamadou kuwa an neme shi an rasa.

Bayan sadakar bakwai Memounatou ta shiga mota zuwa Sokodé. Ta sami Alhaji Awudu a rumfarsa yana sa ido ana saran nama.

"Alhaji, kai ka turo shi."

"Wa na turo? Ni ban san wani Mamadou ba. Ni ma gidana ne ya ƙone. Ki yi haƙuri, ƙaddara ce." Ya juya wajen mai saye.

Ba ta koma Dapaong ba, don babu abin komawa. Wata gwaggonta a Sokodé ta ba ta wurin kwana, ita kuma Memounatou tana wanke kwanuka a wajen wata mai tuwo. A gidan gwaggon ma ta hango irin wannan waya a bayan mita. Ta yi magana har da kuka.

"Haba Memuna," in ji gwaggon, "duk unguwar nan haka ake yi."

Tun daga ranar a tsakar gida take shimfiɗa tabarmarta. Ba ta ƙara yarda ta kwana a ƙarƙashin rufi ba.

Mai karatu, idan mita ta yanke wuta, kare ranka take yi. A rage kaya, a raba lokaci, a sake tsofaffin wayoyi. Wanda ya zagaye mita don jin daɗin yau, ran na kusa da shi ya sa a hatsari.