Musuna a Gefen Littafin Dattijo

Ina da shekara tara, a gidanmu na unguwar Muntazah, Baba ya tafi da ni wurin maƙwabcinmu saboda tarin da ya ƙi barina. Dattijo ne ɗan Indiya mai maganin gargajiya. Ɗakinsa duk ƙamshin man kwakwa.

Ya buɗe wani tsohon littafin magani na Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Layi ɗaya ne da manyan baƙaƙe, ƙananan rubutu sun cika sauran shafin. Ya ce wannan sharhi ne: a rarraba kalmomin layin, a fassara su, a kawo musun mai musu, sannan a amsa masa. Layin kuwa cewa ya yi zuma in ta ji zafi takan zama guba.

Na ce, "Mama kullum tana zuba zuma a shayi mai zafi, ga mu nan da ranmu."

Baba ya daka mini tsawa. "Ke! Da babba kike musu?"

Dattijon ya ɗauki fensir. "Bar ta, Alhaji. Littafin da ba a yi masa musu ba ya mutu." Ya rubuta maganata a gefen shafin, ya bar fili a ƙasa, wai sai ya nemo amsa.

Yau ni likita ce. Jiya babbanmu a asibiti ya ce bakina ya yi yawa, don na ja da maganin da ya rubuta wa wata jaririya. Ban ba shi haƙuri ba. Littafin da ya girmi kakanninsa ma ya saurare ni.