Lafiya Lau, Yaya

Tun da kiran waya daga ƙasar waje ya fi kuɗin masauki tsada, 'yan kasuwa suka koma layin araha. Na'ura ce ke kiran gida a madadinka, ta ɗauki amsar farko, ta katse, ta kawo maka.

Kullum da safe a Istanbul, Hajiya Asabe takan ji muryar ƙanenta Sabi'u: "Lafiya lau, Yaya." Sai ta tafi sarin mayafai hankalinta kwance.

Ranar nan a kasuwa ta yi kiciɓis da maƙwabciyarta Turai, wadda ba ta daɗe da sauka daga gida ba. Turai ta riƙe mata hannu.

"Ya haƙuri, Hajiya? Allah ya jiƙan Baba."

"Wane Baban?"

Turai ta saki baki. "Ba ki sani ba? Ai har an yi sadakar bakwai."

Asabe ta danna layi mai tsadar.

"Kullum ina son in faɗa miki, Yaya," in ji Sabi'u cikin kuka. "Amma wa ke fara magana da mutuwa? Ai sai an gaisa. Ina cewa lafiya lau, sai na'urar ta katse."