Ranar da Aka Sallami Mahfuz daga Wurin Banda

Shekarar ta ɓace mini. Na san dai jirgin ƙasa ya fara wuyar zuwa Nguru, wayar hannu kuma ba ta iso mana ba. Sunan direban da ke cikin labarin ma ya tafi, sai ku yi haƙuri da tsoho. Mahfuz ne ya rage a kaina.

Mahfuz yana aiki a wani wurin banda a bakin ruwa, inda ake kyafe tarwaɗa a zuba a kwali a kai kudu. Magidanci ne mai iyali, kuma ba rago ba ne, shi ke riga kowa zuwa. Sai dai in ya ɗauki wuƙa zai gyara kifi, sai ya ga igiyar rumfa ta kwance, ya ajiye wuƙar. Kafin ya ɗaure igiyar ya tuna itace ya jiƙe. A hanyar itacen ya tsaya gyara wa wani keke. La'asar za ta yi ga aiki buɗe ko'ina, ba ɗaya da ya kai ƙarshe. Jikata da ke aikin asibiti ta ce yanzu likitoci suna kiran wannan ADHD, wai hankalin ne ba ya zama inda aka ajiye shi. A lokacin rubutu aka yi ta wanke masa yana sha.

Ya gwada zaman kanti, ya gwada koyarwa, duk ba su kai ko'ina ba. A wurin bandar nan kaɗai ya daɗe, saboda Baba Dunoma, dattijon da ke tafiyar da wurin. Aiki ɗaya yake ba shi.

"Malam, wannan kawai. In ka gama ka zo ka gaya mini."

"To, maigida."

Dunoma yakan kau da kai in ya ji haka.

Wurin yana da ƙa'ida guda da ba a ɗaga wa kowa. Banda hayaƙi take so, ba harshen wuta ba, don haka in wanda aka sa tsaron wuta ya tashi ya bar ta, aikinsa ya ƙare.

Wata rana kifi ya zo da yawa, aka cika ragar ƙarfe har baki. Dunoma zai tafi gaisuwar mutuwa Karasuwa, sauran ma'aikata suna bakin ruwa suna sauke kwale-kwale. Mahfuz ya ce a bar masa wutar. Dunoma ya dube shi jim, ya bar masa.

Ya zauna da kwanon ruwa, in wuta ta ɗaga kai ya yayyafa mata. Can sai direban motar kifin ya zo yana mita, fambel ɗin injin motar ya tsinke, an zaga Nguru ba a samu ba. Mahfuz ya san mai sayarwa a Gashuwa. Bai yanke shawarar tafiya ba, ya dai tsinci kansa a motar haya.

A Gashuwa ya samu fambel. Ya tsaya wajen masu shanya tattasai yana tambayarsu yadda suke yi in hadari ya haɗo, kansa ya cika da dabarar busar da tattasai a kan raga. Yana cikin zana musu a ƙasa, hayaƙin mai tsire ya bugi hancinsa.

Ya miƙe. Bai yi salati ba, bai yi gudu ba. Ya nemi tsoro a ƙirjinsa bai samu ba, sai wani shiru, irin na ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Ya sha shiga wannan hali a rayuwarsa. Ya shiga mota, har Nguru yana kallon ƙeyar na gabansa.

Kifin ya zama gawayi, rabin rumfar ya tafi. Ma'aikata suna zaune, da suka gan shi suka miƙe. Ɗayansu, Zarami, wanda ya shiga wutar jawo ragar, hannunsa naɗe da tsumma har gwiwa.

"Malam, ina ka je?" in ji Dunoma.

"Gashuwa."

"Yin me?"

Ya ɗaga fambel ɗin.

"To, mota dai ta samu lafiya," in ji Zarami. "Kifin ne ya riga mu gidan gaskiya."

Ba wanda ya yi dariya. Dunoma ya rage tsawo.

"Ka san ƙa'idar, Malam. Ka fi kowa saninta. In na ɗaga maka, gobe ba zan iya kallon Zarami ba."

"Haka ne, maigida."

"Kada ka ƙara zuwa."

Mahfuz ya miƙa wa direban fambel ɗin, ya yi wa Zarami sannu, ya sa takalminsa. Wani ya bi shi da butarsa da ya manta. Bai ƙara taka wurin ba. Nakan gan shi a inuwar tasha, yana kwakkwance rediyon da ba zai sake haɗawa ba.

Na daɗe ina ganin Dunoma ya yi tsauri. Sai da na zauna da mai unguwa, na kuma tambayi Zarami daban don kada kaina ya yaudare ni, duka biyun suka tabbatar mini: wurin bandar da kwale-kwalen da motar duk gadon Mahfuz ne, shi ya kafa ƙa'idar, kuma shi ya ɗauki Dunoma aiki, ya roƙe shi ya zama maigidansa.