Ɗan Akuyar da Aka Bari a Bakin Rafi

Zauna nan, Barira, ajiye jakar. Wata huɗu ke nan ba mu ga ƙeyarki a taron marubuta ba, kullum aka kira ki sai ki ce aiki ne ya yi yawa. Aiki! Ni za ki yi wa wannan? Na girmi uwarki, kuma na san idon marubucin da rubutu ya ƙafe masa. Bari in ba ki wani misali.

An yi wasu mata biyu masu rubuta littattafan yara. Ɗaya malamar firamare ce, aji uku take koyarwa. Ɗayar ungozoma ce da ta ajiye aiki, ta girme ta, tana zaune a wani gari mai tafiyar awa biyu a mota. Shekara goma sha ɗaya suna kan al'ada guda: wadda duk ta rubuta labari ba ta gwada shi a kan yaranta, don yaranka ko shirme ka karanta musu za su yi maka dariya saboda ƙauna. Sai ta ba direban motar kasuwa ya kai wa 'yar'uwarta, ita kuma ta tara yara ta karanta musu da jan biro a hannu. Inda suka yi dariya ta ɗiga alama, inda suka fara hamma ko mintsinin juna ta ja layi. Ba sa raga wa juna ko kaɗan, takarda takan dawo jajir kamar an yanka kaza a kanta.

Ungozomar tana da jika 'yar shekara shida, wadda don ita take yin rabin labaranta. Tana cikin rubuta na wani ɗan akuya da rafi ya cika ya raba shi da uwarsa, har ta aika da rabin farko an karanta wa 'yan aji uku, sai zazzaɓi ya kama yarinyar. Kwana uku Allah ya karɓi abarsa. Malamar ta iso tun kafin a yi jana'iza, ta yi mako guda, ta koma. Bayan an yi arba'in ungozomar, baiwar Allah, ta zauna gaban takarda, ko harafi ɗaya ya ƙi fita. Tsoro ya kama ta, tana ganin in ta daina aikawa, zumuncin ma ya yanke ke nan. Sai ta ɗauko wani tsohon labarinta, ta mai da zomo kurege, ta kwafe shi tsaf, ta ba direba. Ta manta cewa yara ba su da mantuwa. Malamar ba ta kai shafi na biyu ba wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ai wannan yana cikin koren littafin nan da suka taɓa karantawa, da zomo ne. Aji ya kaure, kowa yana tambayar yaushe ɗan akuya zai haye.

Ranar Asabar malamar ta hau mota da kanta, ko waya ba ta yi ba. Bayan sun gaisa ta ajiye takardar a kan tabarma. Ungozomar ta buɗe, ta ga babu jan biro ko ɗigo, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Nan ta gane asirinta ya tonu. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Tun da ta tafi ban rubuta komai ba. Na ji tsoron kada ke ma in rasa ki." Malamar ta ce, "Haba Yaya, ni kika yi wa kwafe? Ni da muka wanke yarinyar nan tare?" Suka sha kukansu har la'asar ta yi.

Daga ranar malamar ba ta ƙara tambayarta rubutu ba. Duk bayan mako biyu sai ta zo da nata labarin, ta miƙa mata jan biro ta ce a gyara mata, su ci ɗanwake, ta koma. Sai da damina ta zagayo sannan wata rana ta faɗa mata cewa yaran nan sun shiga aji huɗu, amma har yau suna tare ta a bakin ƙofa kan maganar ɗan akuya. Ungozomar ta ce hannunta ba zai iya mai da shi wurin uwarsa ba, alhali jikarta ba ta dawo ba. Malamar ta jawo takarda ta ce, "To ki faɗa da baki, ni in rubuta." Haka suka yi shi, layi biyu yau, layi uku wani zuwan, wani lokaci kuka ya ci zaman gaba ɗaya. Ranar da aka karanta ƙarshensa, tsohuwar tana can baya a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Da ɗan akuya ya taka tudu ya cusa kai ƙarƙashin uwarsa, yara arba'in da biyu suka miƙe da ihu. Tana dariya, hawaye na zuba, ta hango ƙawarta ta ɗiga jan biro a gefen shafin.

To Barira, ban tambaye ki abin da ya same ki ba, kuma ba takarda muke jira daga gare ki ba. Ranar Asabar ki zo mana hannu rabbana, ki zauna kusa da ni. In kuka ne ya zo, a cikinmu babu wadda ba ta taɓa yin sa a kan farar takarda ba. Hausawa sun riga sun faɗa: abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.