Jan Fenti a Jikin Injin Auta

Karo na goma sha ɗaya ke nan Auta tana hawa matakalar cibiyar bunƙasa sana'o'i ta jami'arsu. Ba wani abu take nema ba illa takarda guda mai sa hannu, wadda za ta nuna wa masu gadi ta fita da injinta.

Injin ƙyanƙyasar ƙwai ne mai aiki da hasken rana, shi ne aikinta na kammala karatu. A shagon waldar babanta suka ƙera shi. Sati uku tsohon yana mayar da masu kawo gyaran ƙofa, ita tana haɗa wayoyi shi yana liƙa ƙarfe, yana tsokanarta wai shi bai taɓa ganin kaza mai batir ba. Da suka gwada, ƙwai sittin suka zuba, 'yan tsaki hamsin da huɗu suka fito.

Malaminta ya ce ta kai shi cibiya, don aikinsu ke nan, su haɗa ɗalibi mai basira da masu saye, su koya masa kasuwa. Haka ma aka rubuta a allon ƙofa da manyan baƙi.

Ranar da ta kai shi, mai kula da sito ya zo da gwangwanin jan fenti ya zana lamba a gefen injin. Ta tambayi dalili, ya ce ƙa'ida ce, duk abin da ya kwana a ginin nan sai an yi masa lamba, har kwandon shara. Ba ta kawo komai a ranta ba.

A wajen baje kolin cibiyar ne wata dattijuwa, shugabar ƙungiyar mata masu kiwon kaji, ta tsaya ta ƙare wa injin kallo. Ta ce a kai shi gonarta a gwada na kwana ashirin da ɗaya, in ya yi, guda ashirin suke so. Amma ta ja mata kunne, zuwa ƙarshen watan gobe kawai za su jira, don akwai dillalin injinan waje da ya matsa musu.

Washegari Auta ta ɗauko mai kurar dakon kaya don a kai injin gonar. A bakin ƙofar jami'a masu gadi suka tsayar da su, suka nuna jan fentin. Abu mai lamba kayan jami'a ne, ba ya fita sai da sa hannun shugaban cibiya.

Shi kuwa shugaban ya yi tafiya, yana wani taro kan yadda za a tallafa wa matasa masu ƙirƙira. Sakatarensa ya ce ta dawo jibi. Jibi ta koma sati, har masu shara suka fara gaishe ta kamar ma'aikaciya. Tun tana zuwa da fara'a har ta koma zama a benci ta zuba tagumi, ta gaji da jin muryarta tana maimaita bayani ɗaya.

Ranar da ta dace da shugaban, saura kwana huɗu wa'adin ya cika. Ta same shi a ɗakin nuni, an goge injinta fes, an jera dafaffen ƙwai a ciki don hoto ya yi kyau.

"Ranka ya daɗe, ba kyauta nake roƙo ba," in ji ta. "Nawa ne. Ni da babana muka yi shi."

"Na sani, 'yata, kuma muna alfahari da ke. To amma baƙi na zuwa ranar Laraba. In kin ɗauke shi, me za mu nuna musu?"

Ya ce bayan baƙi kwamiti zai zauna a kan maganarta. Ba mugu ba ne, har ruwan sanyi ya sa aka ba ta.

Ta yi tunanin su ƙera wani, amma kayan haɗin cikin sai an yi oda, kuma tsohon ba shi da wani sati ukun da zai rufe shago. Wa'adi ya wuce. Dattijuwar ta kira ta ce ta yi haƙuri, sun sayi na dillalin. Jami'a kuwa ta aiko mata da takardar yabo a cikin gilashi.

Auta ta daina zuwa. Ta samu aiki a wani kantin sayar da wayoyi, ta kuma hana kowa yi mata maganar ƙwai a gida.

Bayan shekara biyu aka yi sabon shugaba, ya sa a kwashe tarkacen sito a sayar. Wata safiya wani mai sana'ar gwangwan ya sauke tsoffin ƙarafa a ƙofar shagon babanta, kamar yadda ya saba. Tsohon yana tonawa sai ya tsaya. Ya shafa wani layin walda da babban yatsa, ya gane hannunsa. Ɓeraye sun cinye wayoyin, gilashin ya fashe, tsatsa ta ci ƙasan. Jan fentin ne kawai yake nan daram.

Ya kira ta a waya.

"Auta, an sallamo injinki. Ko takarda ba su tambaya ba."



"Baba, ka yanka shi ka yi wa wani murhu. Ko ba komai ya yi wa wani amfani."

Jama'a, cibiyar da aka gina don ta fitar da basira zuwa kasuwa, in ta mayar da ita kayan ado na nuna wa baƙi, to kashe ta take yi. Ku da ke riƙe da biro da makulli, ku sani jinkirin sa hannu ɗaya yana iya cinye rayuwar wani.