Hatimin Kurciya

Ummuhani ta danna hatimin a ƙyallen tawada, ta buga shi a gefen wata tsohuwar takarda. Na farko ya fito jagab. Na biyu ya ɗan yi sauƙi. Na uku ya fito fes. Sai a lokacin ta ɗora shi kan kati. Haka take yi tun ranar da ta fara sana'ar: uku a takardar gwaji, a jere suna hawa sama, na huɗu a kati. Launi ma sai ta ɗiga shi a kan na ukun ta ga kamunsa.

Saura kwana tara Babbar Sallah ta 1978, kuma rabin unguwar Pumpumre ta Garwa a wurinta ake sayen katin gaisuwa. Ja daga ruwan zoɓo take samunsa, rawaya daga gangamau, shuɗi daga shuni. Tsinken da ta tauna bakinsa shi ne burushinta. 'Yan kudu ma suna zuwa in shekara ta ƙare, su rubuta mata gaisuwarsu ta Faransanci, ta kwaikwayi zanen harufan ba tare da ta san abin da suke faɗa ba. Ita ajami kawai ta iya.

Takarda ba ta ɓacewa a hannunta. Duk wadda ta tsinta a hanyar kasuwa, in dai gefenta fari ne, ta zama ta gwaji. In ta cika, ta ba Iyatu mai soyayyar gyaɗa a ƙofar barikin jandarmomi ta yi ƙunshi da ita.

Hatiman duka mijinta Abdurrahman ne ya sassaƙa su daga robar tsohuwar taya. Shi nasa aikin wuƙa ne, bai taɓa son tawada a yatsunsa ba. Akwai jinjirin wata, akwai rago, akwai kwale-kwalen Binuwai. Gurbi ɗaya ne babu komai a akwatin hatiman, gurbin kurciya mai ɗan tsagu a fiffiken hagu, inda wuƙa ta taɓa zame masa. Duk Garwa an san kurciyar nan.

Shekara bakwai ke nan da jandarmomi suka zo da hantsi suka tafi da kurciyar, suka tafi da Abdurrahman. An ce an kama takardar zagin gwamnati ɗauke da hatiminsa. Abdurrahman da ko rediyo in aka fara maganar mulki sai ya tashi ya yi alwala! A shekara ta uku aka aiko mata da rigarsa da carbinsa daga wani gidan yari na daji. Ba a aiko da gawa ba.

Ummuhani ba ta yi dogon bincike ba. Ban da ita da mijinta, mutum ɗaya ne ke taɓa akwatin nan: ƙaninsa Shu'aibu, akawu mai karanta Faransanci, mai yawan zama da samari masu surutu. A zaman makoki, a gaban malamai da 'yan kasuwar unguwa, ta ce masa, "Kai ka buga, yayanka ya biya. Allah ya isa." Kafin wata ya kama, mutane sun daina amsa wa Shu'aibu sallama. Ya kwashe iyalinsa ya koma garin Banyo. Kowace Sallah sai ya aiko da wasiƙa, ita kuma ta yi gwajin hatimi a bayanta ba tare da ta nemi mai karanta mata ba.

Tana cikin shafa wa rago launi aka yi sallama. Wani dattijo ne ɗan kudu, da jakar fata a hammata. Ya ce sunansa Célestin, magatakardan kotu ne a da, ya yi ritaya, jibi zai bi mota ya koma garinsu.

"Madam, ni da Shu'aibu mun yi makaranta tare. Na ji abin da kika ɗora masa. Yanzu ba shi da lafiya, kin sani?"

"Mushe Célestin, in kati kake so, ga su nan. In ba haka ba, ina da aiki."

"Ina wurin ranar da aka kawo mijinki. Ni na rubuta maganarsa." Ya zauna a bakin tabarma ba tare da an ce ya zauna ba. "Da farko ya rantse bai san komai ba. Sai aka ajiye masa takardar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce shi ne, shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa jikinsa tukuna, Madam."

"Ƙaninsa ya rufa wa asiri," in ji ta. "Na daɗe da sani."

"Wataƙila. Amma ya tambaye ni ko za a nuna wa iyalinsa takardar. Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi." Célestin ya buɗe jakar. "Ana ƙona tsofaffin takardu, na zare wannan. Wani jandarma ne ya kawo ta tun asali. Ni ban san aikin hatimi ba. Ke kin san hannun kowa. Duba, in na Shu'aibu ne, ba zan ƙara magana ba."

Ta goge yatsunta a zani ta karɓa. Takardar ta yi rawaya, cike da rubutun Faransanci. Tana da karin ninki irin na ƙunshin gyaɗa, da tabon mai a tsakiya. Ta duba ƙasa, inda masu mulki da masu tawaye ke buga hatimi. Babu komai.

A gefe kurciyoyin suke, su uku, a jere suna hawa sama. Ta farko jagab, ta biyu da ɗan sauƙi, ta uku fes, da ɗigon zoɓo da ya koma baƙi a fiffikenta na hagu.

Hannu ɗaya ne a duk Garwa yake jera su haka, kuma shi ne yake riƙe da takardar.