Kaset Mai Ƙamshi

Nasrullahi ya ɗiga turare a jikin kaset ɗin, ya hura, ya sa a aljihun gaba. Mujahida tana bakin ƙofar kicin riƙe da faranti, ta gani, ta koma ciki.

Nasrullahi mijinta direban tasi ne a unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki, kuma abu ɗaya yake tarawa a duniya: faya-fayan garmaho na kiɗan tsofaffin finafinan Italiya. Yakan je kasuwar gwanjo ta Jidda ya dawo da su cikin kwali mai hoton Turawa da dawaki, ya goge su da ƙyalle mai laushi, ya jera a kabad ɗin da ya kamata a ce kwanukanta ne a ciki. Tun satin farko na aurensu ya yi mata bayani. Kiɗan faifan sidi, in ji shi, sauti ne marar jini a jika. Na waya kuwa matse shi ake yi har ya shaƙe. Faifan garmaho kaɗai ke numfashi. Da ta tambaye shi kaset fa, dariya ya yi, ya ce wannan ai shara ce.

To, sharar ce yanzu yake zama a kanta kowace Juma'a. Ya ɗora allura a kan faifai, ya jona da rikoda, ya kwashe kiɗan a sabon kaset. Ba ya rubuta komai a jiki. Turare yake ɗigawa, wannan oud, wancan miski, na gaba ruwan wardi. Bayan la'asar ya fita da shi, ya dawo babu.

Mujahida ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ta san namiji ba ya fesa wa ƙaton namiji kyauta da ruwan wardi. Ta kuma lura da kiɗan da ya fi kwashewa, wani mai busa a hankali, mace na rera murya a bayansa ba kalma ko ɗaya.

Maƙwabciyarta Dalal ce ta ƙara wa abin gishiri. Ta ce ta ga motarsa a Jarwal, a fake a lungu, ba fasinja. Jarwal kuwa unguwar su Mujahida ce. Ta kwana biyu tana lissafa 'yan matan da suka taso tare, tana auna wacce a cikinsu za ta iya zama ta saurari kiɗan Turawa.

Ta so ta kai ƙara gida, ta fasa. Babanta Malam Wada, tun da idonsa ya tafi, ya ƙara tsanani. Ko waya ta yi ƙara mai kiɗa a gidansa sai an kashe. Yini yake a ɗakinsa a kulle, ba mai shiga sai ya kira. Idan ta buɗe baki ta ce mijinta na da kabad cike da kiɗa, ba ta san inda auren zai kwana ba. Ita kuma auren take so.

Sau ɗaya ta gwada tambaya, tana zuba masa shayi, idonta a kan kofin. Ya ce amana ce, ba sirrinsa ba ne balle ya faɗa.

"Halas, magana ta ƙare, Mujahida, ki bar shi haka."

Ta bar shi a baki.

Juma'ar da ta biyo, ya gama kwashewa ya tafi masallaci, kaset ɗin na cikin rikoda. Ta tsaya a kansa. Ta mayar da shi baya zuwa wurin busar nan, ta danna jan maɓalli kamar yadda ta ga yana yi. Ita da ko sunan mijinta ba ta iya kira a gaban mutane, ta matsa kusa ta ce:

"Ko wace ce ke, mai wannan kaset yana da mata. Sunana Mujahida. Ban iya faɗa ba, amma ba zan bar miki shi ba."

Ta mayar da komai yadda yake. Ya dawo, ya ci abinci, ya ɗiga miski, ya fita.

Ta share falo, ta sake sharewa. Ta ninke kayanta a jaka, ta warware. Aka kira magariba bai dawo ba. Ta yi salla, ta zauna a kan dardumar tana tunanin ko dariya suke yi mata su biyu, ko kuwa fushi yake tuƙowa gida da shi.

Da ya shigo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Bai cire takalmi ba. Ya miƙo mata wayarsa, kiran a buɗe.

"Mai kaset ɗin na son magana da ke."

Ta karɓa. Ta gyara mayafi kamar ana ganinta, ta kara wayar a kunne, ta yi sallama da muryar da ta fi ƙarfinta.

"Mujahida, mijinki ba mai taɓa miki shi, amma duk faɗin kaset ɗin nan sai wurin busata kika goge? To, ki rufa min asiri kada mamanki ta ji," in ji babanta, yana danne dariya.